Ɗaya na Allah, Sauran Taran Fa?

A ƙarshen Littafin Firistoci, sura 27, akwai wata 'yar doka da ba kasafai ake karanta ta a majami'a ba. Makiyayi zai tsaya a bakin garke da sandarsa, dabbobi suna wucewa ƙarƙashinta ɗaya bayan ɗaya, yana ƙirgawa. Duk wadda ta faɗo ta goma ta zama ta Ubangiji. Ba a yarda ya tsaya duba ko mai ƙiba ce ko ramammiya ba, ba a kuma yarda ya musanya ta ba. In ya kuskura ya musanya, da ita da wadda ya kawo a madadinta duk sun zama keɓaɓɓu.

Duk wanda ya karanta wurin nan, idonsa kan ta goma yake tsayawa. Ni kuwa taran da suka wuce suka koma garke su ne suka daɗe suna damuna. Na wane ne su? Da yawa daga cikinmu masu bi, ko ba mu furta ba, lissafin da ke zuciyarmu shi ne: ɗaya ta Allah, tara nawa, in na fitar da tasa to mun rabu lafiya. Daga wannan lissafi ne kusan duk ruɗanin da ake yi kan miƙa dukiya da rai ga Allah ya samo tushe, shi ya sa zan fara warware shi kafin in taɓa sauran.

Littafi Mai Tsarki bai taɓa koyar da wannan rabo ba. Zabura 24 da maganar mallaka ta buɗe: duniya da duk abin da ke cikinta na Ubangiji ne, har da mazaunanta. A Littafin Firistoci 25:23 an hana Isra'ilawa sayar da gona har abada, dalilin kuwa shi ne ƙasar ta Allah ce, su baƙi ne masu zama a wurinsa. Saboda haka ne duk shekara ta 50 gonar da aka sayar take komawa gidan da ta fito. Ranar da sarki Dawuda da jama'arsa suka tara zinariya da azurfa don ginin Haikali, bai tsaya yana yabon hannunsu ba. A 1 Tarihi 29:14 cewa ya yi, wane ni, wace ce jama'ata, ai komai daga wurinka yake, naka muka ɗauka muka ba ka. Sabon Alkawari ya ƙara zurfafa abin har ya kai ga jikin mutum. Bulus ya gaya wa Korantiyawa cewa su ba na kansu ba ne, da tamani aka saye su.

Ke nan miƙa wa Allah abu yana nufin mutum ya yarda da gaskiyar da take nan tun kafin a haife shi, ya sauka daga kujerar mai kaya ya koma ta mai riƙon amana. Mai riƙon amana yana ci daga abin da ke hannunsa, yana ciyar da iyalinsa, yana juya shi ya ƙaru, amma ya san ranar lissafi tana zuwa, kuma lissafin na duka goman ne. Misalin talanti a Matiyu 25 haka ya nuna. Maigidan da ya dawo daga tafiya bai tambayi bayinsa kashi nawa suka ware masa ba, ya tambaye su abin da suka yi da duk abin da ya damƙa musu.

To ina matsayin zakka? Nan ne gardama ta fi zafi tsakanin ɗariƙu, kuma rabin zafin ya zo ne daga ɗaukar zakkar Tsohon Alkawari kamar abu guda, alhali tana da rassa. Kafin a ba da Shari'a, Ibrahim ya ba Malkisadik, firist kuma sarkin Salem, kashi ɗaya cikin goma na ganimar yaƙi, Yakubu kuma ya yi wa'adin haka a Betel. A cikin Shari'ar Musa, Littafin Ƙidaya 18 ya ba Lawiyawa, kabilar da aka keɓe don hidimar wurin sujada, zakkar Isra'ila, domin su ba a ba su gādon ƙasa ba, su ma kuma sai sun fitar da zakka daga zakkar da suka karɓa. Maimaitawar Shari'a 14 ta zo da wani abin da ke ba mutane mamaki: mai gona zai kai zakkarsa wurin da Allah ya zaɓa, ya ci a gaban Ubangiji shi da iyalinsa, su yi murna. In hanya ta yi nisa, ya sayar ya ƙulle kuɗin, in ya isa ya sayi abin da ransa ke so. Duk shekara ta uku kuwa a gari ake tara ta, domin Balawe da baƙo da maraya da gwauruwa su zo su ci su ƙoshi. Idan ka haɗa waɗannan za ka ga zakkar Isra'ila tana riƙe da masu hidima, tana riƙe da idi, tana kuma riƙe da marasa ƙarfi. Malakai 3, wadda aka fi kafa hujja da ita, da wannan tsari take magana, ga al'ummar da ta bar ɗakin ajiyar Haikali wayam.

Yesu bai rushe zakka ba. A Matiyu 23:23 ya ga Farisiyawa suna fitar da ita har daga na'ana'a da sauran ƙananan ganyayen lambu, ya ce sun bar manyan al'amuran Shari'a, wato adalci da jinƙai da aminci, ya kamata su yi waɗannan ba tare da sun bar wancan ba. Amma a wasiƙun manzanni ba inda aka yanka wa ikilisiya kashi goma a matsayin doka. Abin da Bulus ya ce shi ne kowa ya riƙa ware wani abu ranar farko ta mako gwargwadon samunsa, kuma ya bayar yadda ya ƙudura a zuciyarsa, ba da ɓacin rai ko tilas ba. Mayar da zakka dole a ikilisiyar Yamma daga baya ya zo. Taron bishop-bishop da aka yi a Makon, a ƙasar Faransa ta yau, a shekarar 585, shi ya yi barazanar fitar da wanda ya ƙi biya daga zumunta, sarki Sharlaman kuma ya mayar da ita dokar ƙasa a 779.

Ra'ayina a nan shi ne kashi goma ma'auni ne mai kyau na koyo, yana horar da hannu ya saba da buɗewa, kuma ba na raina wanda ya riƙe shi da aminci. Sai dai ma'aunin da ke yi wa talaka nauyi har ya hana shi barci, shi ne kuma yake yi wa mai arziki sauƙi har ya sa shi ganin ya gama da Allah. Duk ma'aunin da ke haka, bai isa ya zama ƙarshen magana ba.

Daga nan sai mu zo ga abin da ya fi wuya. Idan komai na Allah ne, ashe ba sai mai bi ya rabar da komai ba? Ai Yesu da bakinsa ya faɗa wa wani haka. A Markus 10 wani mai arziki ya sheƙo a guje ya durƙusa a gabansa, yana tambayar yadda zai gāji rai madawwami. Mutumin kirki ne, ya kiyaye dokoki tun yana yaro. Markus ya rubuta wani abu da nake so a lura da shi: Yesu ya dube shi, ya ƙaunace shi, sa'an nan ya ce masa ya je ya sayar da abin da yake da shi ya ba matalauta, ya zo ya bi shi. Maganar daga ƙauna ta fito. Mutumin ya tafi da baƙin ciki, Yesu kuma bai bi shi yana rage masa ba.

Amma a Luka 19 ga wani mai arzikin a Yariko, shugaban masu karɓar haraji, wanda ya hau itace don ya ga Yesu. Shi ba wanda ya ce masa ya sayar da komai. Da kansa ya miƙe ya ce rabin dukiyarsa ya ba matalauta, wanda duk ya cuta kuma zai mayar masa ninki huɗu. Yesu ya ce yau ceto ya sauka a gidan nan. Ga kuma matan da Luka 8 ya ambata, Maryamu Magadaliya da Yuwana da Suzana, waɗanda suka riƙa ɗaukar ɗawainiyar Yesu da almajiransa daga abin hannunsu. Da sun rabar da komai rana ɗaya, da me za su yi wannan hidima? Lidiya mai sayar da tufafin shunayya ta ba da gaskiya, ta buɗe gidanta ga su Bulus, ba a ce ta bar kasuwancinta ba.

Ko ikilisiyar Urushalima, wadda ake yawan cewa ta soke mallaka, ba haka labarinta yake ba. Barnaba ya sayar da gonarsa ya ajiye kuɗin a gaban manzanni, da yardar ransa. Hananiya da Safiratu ma suka sayar da tasu, suka ɓoye wani kashi, suka kawo sauran a kan shi ke nan. Tambayar da Bitrus ya yi wa Hananiya a Ayyukan Manzanni 5:4 ta warware zancen: kafin ka sayar ba taka ba ce? Bayan ka sayar kuma, kuɗin ba a hannunka suke ba? Ƙarya ce ta kashe su. Sun so sunan wanda ya ba da duka, ba tare da sun ba da duka ba.

Tarihin ikilisiya ya tafi da hanyoyin nan biyu kafaɗa da kafaɗa. Antoni na Masar, wajen shekarar 270, yana saurayi iyayensa suka rasu suka bar masa gonaki da ƙanwa. Ya shiga majami'a ya ji ana karanta maganar da Yesu ya yi wa mai arzikin nan, ya ɗauka da shi ake, ya rabar da gonakin ya nufi hamada, inda ya rayu har ya haura shekara 100. Faransis na Asisi, ɗan attajirin tufafi a Italiya, wajen 1206 ya tuɓe kayan jikinsa a gaban bishop ya mayar wa mahaifinsa. A ɗaya gefen, tun wajen ƙarshen ƙarni na 2 Kilemen na Iskandariya ya koyar da cewa abin da Yesu ke so a tumɓuke shi ne son dukiya da ya yi saiwa a zuciya, domin mutum yana iya tsiyacewa kwaɗayinsa na nan daram. Jon Wesli a Ingila, a ƙarni na 18, ya koya wa mabiyansa su nemi duk abin da za su iya ta halaliya, su yi tattalin duk abin da za su iya, domin su bayar da duk abin da za su iya. Har ya rubuta cewa in ya mutu ya bar fam 10, a shaide shi ɓarawo.

Ban ga saɓani tsakanin su ba. Wani an kira shi ya saki kayan, wani an kira shi ya riƙe su saboda wasu, amma ba wanda aka bari ya ci gaba da zama mai kaya. Sai dai in yi gargaɗi, da ni da mai karatu. Bayanin Kilemen gaskiya ne, amma yana da daɗin fakewa. Abu ne mai sauƙi mutum ya ce zuciyarsa ba ta manne da dukiya ba, alhali shekara da shekaru ba abin da ya fita daga hannunsa har ya ji zafinsa. Zuciyar da ta saki, ana ganin alamarta a hannu.

Jerin abubuwan ma yana da muhimmanci. Da Bulus yake ba Korantiyawa labarin ikilisiyoyin Makidoniya, waɗanda suke cikin matsanancin talauci amma suka roƙa a bar su su taimaki 'yan'uwa na Urushalima, ya faɗi asirin a 2 Korantiyawa 8:5: kansu suka fara miƙa wa Ubangiji. Kai ne farko, kaya na biye. In aka juya jerin, baiko yakan zama abin toshe baki, mutum ya ba Allah kuɗi don ya riƙe ransa. Shi ya sa Bulus ya ce ko mutum ya rabar da duk mallakarsa, in ba ƙauna, bai amfana da komai ba.

Romawa 12:1 ita ce cibiyar zancen miƙa rai, kuma kalmominta zaɓaɓɓu ne. Bulus ya shafe sura 11 yana bayanin alherin Allah kafin ya ce, saboda jinƙan nan, ku miƙa jikinku hadaya mai rai. Hadaya a Tsohon Alkawari sau ɗaya ake yin ta, a yanka a ƙone a tashi. Hadaya mai rai kuwa gobe ma tana nan, da yunwarta da fushinta da gajiyarta, sai an sāke miƙa ta. Luka 9:23 ma da "kowace rana" ya zo da maganar ɗaukar gicciye. Kuma jiki aka ce, wato hannun da ke aiki, bakin da ke magana, idon da ke kallo, sa'o'in da ake kashewa. Kada a ɗauka wannan na fastoci da masu aikin bishara ne kaɗai. Martin Luta, jagoran gyaran ikilisiya a Jamus, ya dage a kan cewa aikin manomi da na uwa mai reno kira ne daga Allah, daidai da na mai wa'azi. Tun kafin shi, a ƙarni na 6, Benedik, wanda ya tsara ƙa'idar zaman sufaye a Italiya, ya umarci mai kula da kayan gidan sufaye ya ɗauki kayan aiki na yau da kullum kamar tsarkakan tasoshin bagade. Mai awo da ya cika mudu don tsoron Allah, da ma'aikacin da ya biya na ƙasa da shi hakkinsa a kan lokaci, suna cikin taran nan da muke magana.

Akwai hanya biyu da ake lalata wannan koyarwa, kuma ta farko na taɓa faɗawa cikinta. Wata shekara na ware zakkata na sa a ambulan, na rubuta sunana, na ajiye cikin Littafi Mai Tsarki ina jiran Lahadi. Daren Jumma'a wata 'yar'uwar mahaifiyata, wadda ta yi ɗawainiya da ni ina ƙarami, ta aiko cewa maganinta ya ƙare. Ba ni da wani kuɗi sai na ambulan ɗin. Na ce wa ɗan aiken, "Ka gaya wa Inna ta yi haƙuri, abin da ke hannuna na Allah ne, ba na taɓawa." Na kwanta ina jin na yi aminci. Ba a daɗe ba karatuna ya kai Markus 7, inda Yesu ya tsauta wa masu cewa da iyayensu, abin da dā za ku samu daga wurina ya zama Korban, wato keɓaɓɓe ga Allah, da haka suke soke umarnin girmama uwa da uba. Na rufe littafin na kasa ci gaba. Kalmomina ne sak, harshe kawai ya bambanta. Ba ina cewa kowace bukata ta gida ta isa ta cinye baiko ba, in haka ne ba ranar da za a bayar. Amma 1 Timoti 5:8 ta ce wanda bai kula da danginsa ba, musamman na gidansa, ya musunci bangaskiya. Na je na nemi gafararta, ta ce, "Ɗana, ai ya wuce." A wurina bai wuce da sauri haka ba.

Hanya ta biyu ita ce mayar da bayarwa ciniki, ba ni gishiri in ba ka manda. Ana gaya wa mutane su shuka iri kaza don su girbe ninki kaza, har mara lafiya da mai bashi su ba da ɗan abin da ya rage musu. Gaskiya ne Bulus ya yi misali da shuka da girbi, amma girbin da ya ambata a 2 Korantiyawa 9 shi ne mutum ya wadatu har ya yalwata cikin kowane aikin kirki. Siman mai sihiri na Samariya ya taɓa miƙa wa manzanni kuɗi don ya sayi baiwar Allah, Bitrus ya ce masa kuɗinka su hallaka tare da kai. Wanda ya gane cewa naka muka ɗauka muka ba ka, da me zai yi ciniki?

A nan ake yawan jawo gwauruwar nan ta Markus 12, kuma ya kamata a dube ta da kyau. Yesu yana zaune daura da wurin saka baiko a Haikali, masu arziki suna zuba da yawa. Ta zo da 'yan ƙananan tsabar tagulla biyu, mafi ƙanƙanta a kuɗin lokacin. In ka haɗa su biyun, kashi ɗaya ne cikin 64 na dinari, dinari kuwa shi ne ladan lebura na yini. Biyu ne a hannunta, tana iya riƙe ɗaya, ba wanda zai ga laifinta. Ta saka duka. Yesu ya ce ta fi kowa bayarwa, domin ma'auninsa abin da ya rage a hannu ne. Amma a koma aya 40, kafin labarin nata ya fara: Yesu yana la'antar malaman Attaura masu cinye gidajen gwauraye. Yabon bangaskiyarta da hukuncin masu tatsar irinta a numfashi ɗaya suka fito, kuma duk mai wa'azin da ya ɗauki na farko ya tsallake na biyu ya ci amanar nassin.

Amanar ba a kan mai bayarwa kaɗai take ba. Da Bulus zai kai gudummawar Urushalima, bai ce ni manzo ne ku yarda da ni ba. Ya tafi da mutanen da ikilisiyoyi suka zaɓa da kansu, ya ce yana so a yi abin da ke daidai a gaban Ubangiji da gaban mutane. Ikilisiyar da ke koya wa mambobinta riƙon amana amma ba ta buɗe littafin kuɗinta, ta bar misalin Bulus.

Abin da ya fi dukiya wuyar miƙawa shi ne mutum, kuma ba labarin da ya nuna mini yadda abin yake kamar na Hannatu. Shekaru tana kuka don rashin haihuwa, kishiyarta tana yi mata gori, har ta yi wa'adi a Shilo cewa in an ba ta ɗa za ta mayar da shi ga Ubangiji muddin ransa. Aka ba ta Sama'ila. Ta shayar da shi har ta yaye shi, sa'an nan ta kama hannunsa ta kai shi wurin Eli firist, ta koma gida Rama ba tare da shi ba. A lokacin ba ta da wani ɗa, ba ta kuma san za a ƙara mata biyar daga baya ba. Miƙa shi ɗin kuma bai raba ta da zama uwarsa ba. 1 Sama'ila 2:19 ta ce kowace shekara takan ɗinka masa 'yar riga, ta kai masa in sun hau yin hadaya ita da mijinta. Ina yawan tuna ta zaune da allura, tana ƙiyasta tsawon yaron da ba ta gani ba tun bara, tana ƙara ɗan tsayi a hannun rigar ko ya girma fiye da yadda take zato.